Jakin Kawu da Masu Sayen Fata

Bana da damina ta gabato na je Mandera gaishe da dangi, na tarar da magidanta suna kai taki gona a ka, cikin tsofaffin buhuna. Manya masu iyali, wallahi, har da masu furfura. Rediyo ta ce wasu ƙasashe ne can nesa ke yaƙi, shi ya sa takin zamani ya fi ƙarfin talaka. Sai kowa ya tuna da kashin shanu da ke jibge a makwancin garke, amma babu abin da zai ɗauko shi, jakuna sun yi ƙaranci a garin. Wani matashi ya tambaye ni wai ina jakunan suka tafi. Na ce masa ya bar ni da wannan magana, don na ga inda suka tafi da idona.

Ni tela ne a kasuwar Bodinga. Kawuna, yayan mahaifiyata, manomi ne a Mandera, kuma shekarun baya yana da wani jaki mai ruwan toka wanda ya tsufa a hannunsa. Shi ke kai taki, shi ke kwaso dawa, shi ya kai matar Kawu asibiti lokacin da babu babur a ƙauyen. Mukan yi wa Kawu tsiya mu ce ya fi hira da jakin nan fiye da mu. Ba ya musu, cewa yake jakin ba ya katse masa magana.

Da tsufa ya kama jakin, ƙafarsa ta baya ta soma ja, ga wani tsohon miki a gadon baya da ke tashi in kaya ya yi nauyi. Kawu ya yanke shawarar sayar da shi ga mai ƙaramin aiki, irin masu ɗiban ruwa a gari, ya cika kuɗi ya sayi matashi. Ranar kasuwa ya biyo ta shagona ya ce in raka shi kara, wurin sayar da dabbobi, don ni na fi shi baki.

Ban ma buɗe bakin ba. Muna isa wasu baƙi suka taso mana, dillali na gabansu. Babbansu bai buɗe bakin jakin ya duba haƙora ba, bai ɗaga ƙafarsa ba, bai ce a zagaya da shi ya ga tafiya ba. Hannu kawai ya ɗora yana shafa jikinsa tun daga wuya har gindin wutsiya. Sai ya yi tayin da ya sa na dubi dillali, na zaci da wasa yake.

Kawu kuwa hankalinsa ya tashi, gani yake zai cuci baƙo wanda bai san jaki ba. A wurinmu ba a sayar da dabba sai an faɗi aibinta. Ya riƙe hannun mutumin ya ce, "Malam, tsaya ka ji. Wanga jaki tsoho na. Ƙafar baya tana ja. Ba ya son a ɗora mai kaya da rana tsaka. In ka ba shi dusa, ka jiƙa ta, haƙora sun tafi."

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Ba komai, Baba." Abu ɗaya ne ya ɓata masa fuska, tabon mikin nan na baya. Ya daɗe yana duba shi, ya ɗan rage tayin, Kawu ya sallama. A hanyar komawa shago har dariya muka yi, na ce Allah Ya ƙaro mana irin waɗannan sakarkarun masu kuɗi.

Washegari da hantsi sai ga Kawu a ƙofar shagona, rungume da akumari, wato shimfiɗar da ake ɗora wa jaki kafin kaya. Da hannunsa ya ɗinka shi, ya rarake tsakiyar don kada ya taɓa mikin. Ya ce bai runtsa ba, mutanen nan za su ɗora masa wani akumarin su fama ciwon, dole a kai musu wannan.

Na ce, "Haba Kawu! Ka sayar da abu, ka karɓi kuɗi, kuma ka bi shi da kayan ɗaki kamar amarya? Ga ɗinkin mutane a gabana."

Ya zauna a kan bencina da akumari a cinya. Na san halinsa, zai iya kai magariba a haka. Na rufe shago ina mita, na tayar da babur. Dillalin da muka tambaya ya yi ta kame-kame, da ƙyar ya ce mu wuce Shagari, mu saki kwalta mu bi wata hanyar shanu, za mu ga shinge.

Wari ne ya fara tarbar mu. Na zaci mushe ne a gefen hanya, amma muna matsawa yana ƙaruwa, har na ja wuyan rigata na rufe hanci. Sai ga angulaye, ban taɓa ganin taronsu haka ba. Muka zagayo shingen.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Fatu ne shimfiɗe a ƙasa, an baɗe su da gishiri, fili guda har inda ido ya tsaya. Na ɗauka na shanu ne sai da na ga kunnuwa. Fatun jakuna! A can gefe wasu samari na ta fiɗa, jini ya jiƙa ƙasa ta yi baƙi. Na kasa sauka daga babur. Ni da na girma ina ganin in jaki ya mutu igiya ake ɗaura masa a ja shi bayan gari, ba mai kai masa wuƙa, ban san akwai ranar da zan ga an mayar da shi abin yanka ba.

Kawu ya sauka a hankali, akumari na hannunsa. Ya dubi filin ya dube ni. "Ɗana, mi na wanga?"

Mai kula da wurin ya taso, wani mai hular sanyi da waya a hannu, ba shi ne ya saya a kasuwa ba. Na hau shi da faɗa tun kafin ya yi sallama, na ce wace irin masifa ce wannan, ba ku tsoron Allah? Bai ji haushi ba, da alama ya saba. Ya ce shi ɗan aike ne. Fatun ƙasar Sin ake kai su, akwai masana'antu da ke dafa su a fitar da wani abu da ake sa wa a magani. Ya ce da can mutanen ƙasar suna da jakunansu, amma da injuna suka shiga gonakinsu manoma suka daina kiwo, masana'antun kuwa ba su daina ci ba, shi ne suka juyo duniya suna nema.

Ina saurayi mun sha jin gardama a rediyo tsakanin 'yan jari-hujja da 'yan gurguzu, kowa na cewa tsarinsa ne zai ceci talaka, har mukan raba gari a majalisa kamar masu kallon dambe. Ni ina bayan waɗanda suka ce su na manoma ne. Ashe ko wane ne ya ci gardamar, injinsa zai zo har bayan Shagari ya nemi fatar jakin kawuna. Takaici ya sa na tofar da yawu.

Kawu bai saurari ko ɗaya ba. Ya riga ya nufi wani ɗan shinge inda aka tara masu rai, sun cunkushe a rana, ba ruwa ba ciyawa. Na tambayi dalili, mai hular ya ce wa zai ciyar da abin da za a yanka gobe. Kawu ya yi wani ɗan sauti da harshe. Daga tsakiyar cunkoson wani kai ya ɗago, sai ga tsohon jakinsa yana ture 'yan uwansa yana jan ƙafa, har ya zo ya ɗora haɓa a kan itacen shingen.

Kawu ya sa hannu a aljihunsa ya fito da kuɗin yadda aka ba shi. "Ga abinku. Na fasa."

Mai hular ya girgiza kai. Ya ce ba shi da ikon sayarwa, an riga an sanar da masu kaya yawan fatun da za su samu. Na ce za mu ƙara, ya ce ba zancen ƙari ba ne. Na yi zagi a wurin nan wanda ban taɓa yi gaban Kawu ba. Da ya ga za mu tara masa jama'a, sai ya ce, "To Baba, ga sauƙi. Waɗannan sai gobe bayan azahar za a taɓa su. Kawo mini wani a madadinsa ka tafi da naka. Ni riba ce ma, naka fatarsa da tabo."

Kawu ya roƙi bokiti ya ɗebo ruwa a wata rijiya da ke kusa, ya shayar da nasa, sauran suka yi ca a kai, sai da ya yi ta jigila har numfashinsa ya soma sama. Na tsaya nesa ina kallo, zuciyata na tafasa.

Washegari tun da sassafe muka nufi Horo Birni, wurin wani makiyayi abokinsa da ke da matashin jaki. Kuɗin bai kai ba, Kawu ya ce a ɗauki tunkiyarsa da ke kiwo a garken mutumin a cike. Bai gaya masa inda za a kai jakin ba, ni ma ban faɗa ba. Jakin baƙi ne, ƙaƙƙarfa, jikinsa sumul, mai son wasa, yana ta cusa hanci a aljihun Kawu yana neman abin ci.

Tafiya ce mai nisa, Kawu na jan igiya, ni ina bin su a hankali da babur, ina duban rana ina cewa ya ɗaga ƙafa. Rana ta take tsaka lokacin da muka kai mararrabar hanyar shanun. Nan iska ta kawo warin. Baƙin jakin ya turje, ya kafe ƙafafu, kunnuwansa suka miƙe. Kawu ya ja, ya ƙi. Ya sake ja, jakin ya soma rawar jiki, ya matso ya manne da jikin Kawu kamar yaro ya ga kare.

Kawu ya saki igiyar ta yi laushi.

Na ce, "Kawu, lokaci fa! An kusa kiran salla. Ba ni igiyar in ɗaura a babur in ja shi."

Ya ɗora hannunsa a kan wuyan jakin. Can ya ce, "Wanga mi yay yi? Wancan ni nas sai da shi. Wanga hwa, laihin mi?"

Na ce to me za mu yi, mu bar naka ke nan? Ina faɗa ina ihu, hawaye na zubo mini, ƙato da ni a bakin hanya. Na san gaskiya ya faɗa, kuma na ji haushin gaskiyar kamar in yi hauka.

Daga can bayan shinge jakuna suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Kawu ya karkata kai yana saurare, sannan ya juya baƙin jakin ya fuskanci hanyar Mandera. Na ce ya bari in kai shi gida a babur, wani ya biyo da jakin, ya ƙi. Na kashe injin na tura babur ɗin a gefensa.

Mun yi nisa, kukan ya ɓace, sai ya tsaya ya dafa kafaɗata.

"Ɗana," ya ce, "jiya da za mu tahi, na ce mai ya jira ni, ina dawowa."