Marin Na'urar Sanyi

A wata kasuwar kayan lantarki ta Guangzhou, cikin zafin Agusta, yayin da kowace talabijin ke nuna wasannin Olamfik, wani dattijo Bakano yana tsaye rungume da tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki. Gumi ya jiƙa rigarsa, hularsa ta karkace, amma bai yarda na'urar ta taɓa ƙasa ba. Da gani, a gidan da ya tashi ba a jefar da abu sai ya gagari duk masu gyaran unguwa.

Mai gyara, wani siririn Basine, ya jona ta da wuta. Shiru. Dattijon ya yi bisimilla, ya zabga mata mari a gefen hagu. Nan take ta yi tari, ta tofa ruwa a ƙirjin mai gyaran.

"Ka gani, laoban? Da ranta!" in ji dattijon, yana kiran sa maigida da Sinanci.

"Meiyou," in ji mai gyaran, wato babu dama, yana nuna masa sabuwa.

Sai wayar dattijon ta yi ƙara, muryar maiɗakinsa har waje: "Alhaji, in ka dawo da wannan gawar, tare za ku kwana a baranda!"

Ya daɗe yana shafa na'urar, sannan ya amince da sabuwa. Da aka gwada ta, ta tashi ba tare da mari ba. Ya dube ta da zargi.

Tsohuwar kuwa ya sa aka naɗe ta a kwali, za ta bi jirgin ruwa, sannan mota, zuwa Kano.

"Can," in ji shi, "akwai likitoci."