Kofin Manaja a Ɗakin Talata

Shekara goma sha tara Ustaz Wagdi yana rubuta abin da ya shiga sito da abin da ya fita, a kamfanin tayil ɗin da muke aiki a Alƙahira. Bai taɓa makara ba. Sai bara damuwa ta fara cinsa. Yakan shige banɗaki ya saki famfo don kada mu ji kukansa. Mu kuma, da yake mutanen kirki ne, muka yi ta yabon tsabtarsa.

Kamfani bai ji kukan ba, takarda ya gani. Aka lissafa kwanakin da ma'aikata ke kwance a gida da sunan ciwon kai, aka mayar da su kuɗi, nan take tausayi ya kama manaja. Aka ɗauko Dakta Shahinda, likitar damuwa, tana zuwa duk Talata. Sirri ne, in ji sanarwar da aka liƙa a kowane bango. Aka ba ta ɗaki a ƙarshen baranda, inda duk tiren Ammu Subhi mai shayi sai ya ratsa ta gabanmu kafin ya isa.

A wurinmu ba a zama da mutum gabansa wayam. Kowa kuma da abin shansa, har an san shi da shi. Ka ga tire, ka san wanda ke ciki. Wagdi kaɗai ke shan shayin na'ana'a babu sukari.

Ga shi wani mai kantin magani yana neman auren Rihab, 'yar Wagdi, kuma dangin yaron za su turo a yi bincike a wurin aiki, kamar yadda aka saba. A ce uban yarinya yana ganin likitan ƙwaƙwalwa, magana ta mutu.

Ran Litinin Wagdi ya sami mai shayi a bakin murhu.

"Ammu Subhi, gobe zan kai wa Dakta wata takarda. Ta matakalar sito zan hau."

"Takarda, ƙwarai kuwa. In kai na'ana'ar can?"

"Gahawa za ka kawo."

"Kai da ka ce tana sa zuciyarka sukuwa? Manaja kaɗai ke shan gahawa a ginin nan, kofinsa kuma mai bakin zinariya ne."

"To, ni na ce ka canza kofi?"

Subhi ya daɗe yana dubansa. Manaja ya rage masa sukari tun azumin bara, bai manta ba.

"Allah ya shirye ka, yallaɓai. Ni dai ɗan aike ne."

Talata ce ranar da manaja ke cewa ya tafi banki, wato ba wanda ya san inda yake. Makonni bakwai kofin zinariya yana wuce mu a hankali, Subhi yana girgiza kai kamar mai rakiyar gawa. Muka ji tausayin manaja, irin tausayin da ke sa aiki daɗi. Wagdi kuwa ya daina wanke hannu, har ya yi kumatu.

Da kawun yaron ya zo, wurin mai shayi ya fara tsayawa, kamar kowane mai bincike da ya san aikinsa.

"Wagdi? Ai lafiyayyen mutum ke nan, Alhaji, ko mura ba ta kama shi. Manajanmu dai za ka sa a addu'a."

Aka sa rana. Sai dai kawun ya kai labarin kulob ɗin da manaja ke yin bankinsa. Kwana uku sabuwar sanarwa ta hau bango: an rufe ɗakin Talata, domin bincike ya nuna ma'aikatanmu duk lafiyarsu ƙalau, babu wanda ya taɓa shiga.

Mun ci kunafa, kayan zaƙin nan namu, a bikin Rihab, manaja ma ya zo, yana dariya da ƙarfi don kowa ya shaida. Talatar da ta biyo baya na ji famfo yana zuba. Subhi ya ajiye na'ana'a a kan teburin Wagdi, ya rufe ta da faranti don kada ta huce.