Jinin da ya daskare a ƙafata

Na san kun daɗe ba ku ji ni ba. Har wasu na tambaya ko aure na yi na ɓoye. Ba aure ba ne, jinya na yi.

Ga wanda bai sani ba, daga ɗakina a Agege nake aiki, ina amsa koke-koken kwastomomin wani kamfani ta kwamfuta. Da aka ce mu daina zuwa ofis a Ilupeju, murna na yi, na huta da shiga danfo, motar haya. Sai na manne a kujera. Sallah kaɗai ke ɗaga ni. Ruwa ma ba na sha, don kada fitsari ya tashe ni.

Da sharaɓata ta hagu ta fara ciwo, man zafi na shafa. Ta kumbura, na ɗora ta a kan bokiti na ci gaba da aiki.

Ranar da na miƙe zan yi alwala numfashina ya sarƙe, mahaifiyata, Iya, ta rufe kwamfutar da hannunta ta tari keke napep muka nufi asibiti.

An ɗebi jini, an yi hoton ƙafa da ƙirji. Likitar ta ce, "Jini ne ya daskare a jijiya, wani guntu ya kai huhu. Da kin ƙara jinkiri, da ba wannan maganar muke yi ba."

Na tsorata ƙwarai. Robar iska a hanci, allura a fatar ciki safe da yamma. Gwaje-gwaje suka cinye ɗan abin da na tara.

Ina kan gadon nan oga ya turo saƙo, wai ko zan iya amsa kwastomomi ta waya. Na ce a'a. Na ƙara masa da cewa in na dawo, da hutun miƙe ƙafa zan dawo, ko ya nemi wata.

Yaya Sani ya zo dubiya da tasa shawarar. "Bar aikin nan, ki zo shago ki zauna."

Na ce, "Yaya, zama ne ya kwantar da ni, kuma zama kake kira na? Da wahala na koyi aikin nan. Ba inda zan je."

Alhamdu lillahi, na koma aiki. Ina shan maganin tsinka jini. Kwamfutar na kan kwali a bisa tebur, rabin aikin a tsaye nake yi. Da yamma ni da Iya mu taka har kasuwa. Oga ya yi gunaguni, amma bai nemi wata ba.

Na gode wa Allah, da Iya, da nas ɗin da ta riƙa riƙe ni ina koyon tafiya.

Masu aiki daga gida, ku sha ruwa, ku riƙa tashi kuna zagaya tsakar gida. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, kada a murza, a tafi asibiti.

Kwastoma zai jira. In ma bai jira ba, ku dai tashi.