Baba Kuramochi, Ka Tafi Ba Ka Samo Ta Ba

Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu, 'yarka Sachie ta kira ni a waya. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Malama Hironaka, Baba ya cika ɗazu da safe." Na ajiye wayar, na zauna a gaban labarin da nake rubutawa, inda wani ɗan sanda yake dab da kama mai kisa, na kasa ƙara ko kalma guda. Kuramochi Shozo, ka rasu kana da shekara saba'in da tara, bayan wata uku kana fama da ciwon huhu, ni kuwa ko sau ɗaya ban taka asibitin ba. Ba don ban sani ba. Kunya ce ta hana ni, kuma yau zan faɗi dalilinta, tunda ba ka nan balle ka ce a bar maganar.

Shekara talatin da takwas ka yi kana aikin ɗan sanda, mafi yawansu a sashen binciken kisa. Da ka yi ritaya, gidan talabijin ɗinmu ya ɗauke ka domin ka riƙa gyara mana kurakurai a wasan 'yan sanda da muke nunawa kowace Laraba. Ni ce auta a cikin marubutan shirin. Ranar da ka fara zuwa, jaruminmu yana sheƙa gudu da bindiga a hannu, gashi a gyare, takalmi sai ƙyalli yake. Ka tsaya kana kallo, hannuwanka a baya. Da aka tsayar da kyamara ka ce masa, "Samari, ina zuwa da wannan gudu? Ni har na bar aiki ban taɓa harba wannan abin ba. Aikinmu ƙwanƙwasa ƙofa ne, a rufe maka ita a fuska, gobe ka dawo." Kowa ya tuntsire da dariya ban da darakta. Kafin mako ya ƙare, daga mai riƙe fitila har jarumin, Baba suke ce maka.

Ina tuna wani hunturu da muke aiki a bakin kogi. Wata dattijuwa tana kwance a kan jiƙaƙƙun duwatsu, ita ce gawa a wasan ranar. Awa biyu tana nan, ba wanda ya san ko sunanta. Kai ne ka cire kwat ɗinka kana lulluɓe ta duk sa'ad da aka tsaya, ka sayo mata shayi mai zafi na gwangwani. Ka kuma hana 'yan wasa su tsallake ta. Ka ce, "Ku haɗa tafukanku, ku sunkuyar da kai kafin ku taɓa ta. Haka muke yi. Ita ma wani ne ya haife ta." Tun daga ranar ba a sake nuna gawa a shirinmu ba tare da an girmama ta ba.

Ranar da darakta ya watsa mini takarduna a gaban jama'a, kai ka tsince su ɗaya bayan ɗaya, ka ja ni zuwa rumfar taliya ta tashar jirgin ƙasa, inda ake ci a tsaye. Ka ce, "Malama marubuciya, ci kafin ta kumbura. Kukan ki ƙarasa shi a jirgi." A nan ne ka fara ba ni labarin Nozue Chiharu.

Shekararta ashirin da huɗu, tana aiki a wani kantin littattafai a ƙaramin garin da ke tsakanin duwatsu, inda ka yi aiki. Wata ranar uku ga Maris, da la'asar, mahaifiyarta Tomeko ta aike ta sayen awara. Aka tsinci kekenta a jingine a kan gada, awarar tana cikin kwando. Ita ba a sake ganinta ba. Shekara goma sha huɗu kana bin maganar, ka shiga gida fiye da dubu biyu, har ritaya ta cim maka. Duk ranar uku ga Maris kakan je gidan Tomeko, ka durƙusa a bakin ƙofa, ka ce ka gaza. Ka gaya mini ba son talabijin ya kawo ka wurinmu ba. Mutum miliyan goma ke kallonmu, kana sa ran wataƙila a cikinsu akwai guda da ya ga wani abu a kan gadar nan.

Shekara bakwai kana lallashi kafin manyan gidan talabijin ɗin su yarda a yi labarinta. Tomeko ta ba da izini, har ta ara mana rigar sanyin Chiharu domin a ɗinka irinta. Sharaɗinka ɗaya ne: a ƙare shirin ba a same ta ba, a sa lambar waya a ƙarshe domin duk wanda ya san wani abu ya kira. Ni aka ba rubutun, na kuma yi maka alkawari.

Saura mako biyu a fara ɗauka, shugaban sashenmu ya kira ni ofis. Ya ce, "Hironaka, mutane sun yini suna aiki, sun zauna da shinkafarsu, sai ki ce musu 'yan sanda sun gaza? Masu talla za su gudu. A same ta, kuma da ranta." Na yi gardama ta minti biyar. Daga nan na sunkuyar da kai na ce to. Ina tsoron a ba wani rubutun, ina kuma son sunana ya fito. Aka ɗauki ƙarshen wasan a ranar da ba ka zo ba, ni na zaɓi ranar. Na rubuta uwa tana buɗe ƙofa, 'yarta tana tsaye. Ƙasar nan gaba ɗaya ta yi kuka, aka ba ni lambar yabo.

Abin da ban sani ba, ko kuwa ban so in tambaya ba, shi ne Tomeko ta cika tamanin, hankalinta ya soma gushewa. A talabijin ta ga gadar, ta ga keken, ta ga rigar. Washegari da sassafe ta kira ka, cike da murna: "Yallaɓai, na gani! Kun same ta! Yaushe za ku kawo mini ita? Na shanya shimfiɗarta."

Sachie ce ta ba ni sauran labarin, domin kai ba ka taɓa faɗa mini ba. Ka hau jirgi a ranar, ka je ka gaya mata gaskiya, cewa wasa ne. Ta yi kuka kamar ranar da aka tsinci keken. Bayan mako guda ta manta, ta sake kira. Ka sake zuwa, ka sake faɗa. Sau huɗu kana kashe mata 'ya da bakinka. A karo na biyar, kai da ka kasa barin ko agogon bango ya yi ƙarya a shirinmu, ka ce mata, "Ana cike takardu ne, Mama. Kin san aikin hukuma. Ki ƙara haƙuri kaɗan." Shekara goma sha ɗaya kana zuwa duk wata da wannan magana, daga gidanta har gidan kula da tsofaffi inda aka mayar da ita.

Ni abu ɗaya ka ce mini. Mun haɗu a bakin ƙofar ɗakin taro, ka dube ni ba fushi, ka ce, "Kin rubuta shi da kyau, Malama. Shi ne matsalar." Ka ƙarasa shekarar ka bar aikin. Babu wanda ya kira da wani bayani, domin ba a sa lambar ba, kuma ga masu kallo an riga an same ta. Damar da ka jira shekara ashirin da ɗaya, ni na ƙone ta. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi. Amma duk sabuwar shekara katinka yakan iso, da rubutunka mai kaifi, kana tambayar lafiyar mahaifiyata. Nakan amsa da gaisuwar da aka buga da inji. Kalmar ban haƙuri guda ɗaya ta gagare ni, ni da rubutu ne sana'ata.

Katin bana daga gadon asibiti ka rubuto shi, layukan sun karkace. Ka ce, "Ƙafata ta daina tafiya. Ki je wurin Tomeko a madadina. Tana son alewar wake, mai laushi, ba ta da haƙora."

Ranar da aka ƙone gawarka, Sachie ta miƙo mini dogayen tsinke biyu da ake tsintar ƙashi da su a al'adarmu, ta ce in taya su ɗaukar ƙasusuwanka zuwa tulu kamar 'yar gida. Na so in ce ban cancanta ba, amma na karɓa.

Ranar Asabar da ta wuce na je. Tomeko tana zaune a keken guragu kusa da taga, shekara casa'in da biyu, ta ƙanƙance kamar yarinya. Ta karɓi alewar da hannu biyu. Ta leƙa bayana ta ce, "Ina Yallaɓai? Yau bai zo ba?" Tun a jirgi na shirya in gaya mata komai: ka mutu, ba a sami Chiharu ba, ni na rubuta ƙaryar. Na dubi idanunta. Na ce, "Ya tafi ɗauko ta ne, Mama. Wurin da nisa."

Ta yi murmushi ta ce, "Mutumin kirki. Ki ce masa kada ya yi sauri, hanya da santsi."

Na fito na zauna a kan bencin tasha, jirgi uku suka wuce ban tashi ba. Yanzu ba sauran mai neman Chiharu a duniya. Wanda ya san abin da ya faru a kan gadar, in yana raye, ya tsufa cikin kwanciyar hankali, wataƙila ma yana kallon shirinmu. Ni kuma Laraba mai zuwa za a nuna wani labarina, a kama mai laifi kafin ƙarfe tara.

Baba, na kunna maka turare, na haɗa tafukana kamar yadda ka koya mana. Ka yafe mini, ko da yake na makara. Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya hutar da kai daga nauyin da ka ɗauka wanda ba kai ka jawo ba. Idan akwai inda ake sanin abin da ya ɓoyu, Allah ya sa ka sani yanzu. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Fumie, da 'yarka Sachie, da jikokinka biyu. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ita kuma Tomeko, Allah ya sa kada hankalinta ya dawo ko na minti ɗaya.

Hironaka Mitsuyo