Sabon Kati, Tsohuwar Uwa

Na kawo tsofaffin hotunan gidanmu shagon mai gyaran kwamfuta a juye mini su, sai ga wani dattijo rungume da kwamfutar tebur naɗe cikin tawul. Gemunsa fari, aljihunsa da tabon biro. Ina jin tsohon malamin makaranta ne.

Yana sauke ta a hankali, yana zaro sabon katin hoto daga kwali, irin wanda 'yan gem, masu wasan kwamfuta, ke sawa a cikin injin don wasa ya daina sarƙewa.

Mai gyara na leƙa ciki. "Baba, katin zai shiga, amma madabod ɗin nan ta tsufa. Ita ce uwar injin. A canza uwar kawai."

"Kai ɗan nan, a gidanku ana canza uwa?"

Kowa na dariya, ban da shi. A jikin murfin akwai takarda manne da rubutun matashi: "Ni na haɗa. Kada a taɓa." Ban iya tambaya ba. Wataƙila mai rubutun yana nesa, wataƙila ya yi tafiyar da ba a dawowa, dattijon kuma gem ɗinsa yake son ya sake gani.

Ana soka katin, ana kunnawa. Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Dattijon yana ta murza hularsa. Can sai haske ya kawo.

"Za ta ja, amma a hankali," in ji mai gyara.

"Ni ma a hankali nake bugawa. Sai yanzu nake koyo."