Hoton Ƙwaƙwalwata Ya Riga Ni Isowa Gida

Wata bakwai ban ce uffan a nan ba. Masu raɗa cewa Malam Lawal ya fara gigin tsufa, ku matso kusa, da bakina zan ba ku labarin.

Shekarata sittin da takwas. Tun da na ajiye aikin koyarwa nake limancin masallacin layinmu a Dutsin-Ma.

Da jiri abin ya faro. Ina duba wake a gonata ta Wurma, sai ga ni zaune dirshan a ƙasa. Hawan jini ne, aka ba ni magani ya sauka. Amma hankalin babban ɗana Bashir bai kwanta ba, don ya ga ƙarshen kakansa. Mahaifina sai da ya kai yana tambayar uwarmu ko ita wace ce. Da Bashir ya kai ni Masar aikin ido, ya ce a haɗa da duba kai.

Aka ce in riƙe kalmomi biyar, na riƙe. In zana agogo, na zana. In yi ƙirga da baya, bakwai-bakwai. Yo ni da na shekara talatin ina koyar da lissafi! Sannan aka yi mini allura, aka tura ni cikin wata na'ura.

Likitar ta nuna mini hoton, tafinta na fassarawa. Wai wani sinadari mai suna amiloid ya fara taruwa a ƙwaƙwalwata, kamar ƙanzo a gindin tukunya, wasu sassan kuma suna aiki fiye da yadda suka saba.

Na ce, “Likita, na fara ke nan?”

Ta ce, “A'a, yau lafiyarka lau. Wasu yana kai su ga mantuwa bayan shekaru, wasu har su bar duniya da hankalinsu garau.”

Bashir bai ji rabin ƙarshen ba. Cikin ruɗewa ya tura saƙon murya zauren dangi na waya: a taya Baba da addu'a, an ga abu a ƙwaƙwalwa. Kafin jirginmu ya sauka, saƙon ya zagaye Dutsin-Ma har mahaifata Kurfi.

Na dawo na iske 'yan dubiya cike da zaure. Isiya, abokina tun yarinta, ya duƙo yana ɗaga murya: “Malam, ka gane ni?”

Na ce, “Na gane ka sarai, har ranar da jaki ya kayar da kai a kasuwar Kurfi ban manta ba.”

Aka yi dariya, amma ta tausayi ce.

Sai ga dattawan masallaci: “Malam, ka ɗan huta. Na'ibinka Malam Sani ya riƙa jan salla kafin ka ji sauƙi.”

Sauƙin me? Amma na ce to. Wannan “to” ɗin ita ta kwantar da ni, ba amiloid ba.

Wallahi na ji tsoro. In na rasa inda na ajiye hula, sai in tuna mahaifina. Abinci ya fita raina, na rame, na koma sahun baya kusa da takalma.

Mai ɗakina, Hajiya, ta gaji. Ta ce, “Haba Malam! Shekara arba'in kana cigiyar hular nan, ba a Masar ka fara ba.”

Ita ta tasa ni gaba zuwa wurin likita a Katsina. Ya sake gwajin, na cinye. Ya ce in riƙa tafiyar ƙasa, in riƙe maganin hawan jini, in shiga mutane, in riƙa dawowa ana dubawa. Na kai wa dattawa takardarsa. Ko buɗewa ba su yi ba, suka ce Allah ya ƙara sauƙi.

Wata Asuba, Malam Sani na karatu, ya zame daga aya ya faɗa mai kama da ita a wata sura, ya sarƙe. Masallaci ya yi tsit. Sahun gaba ba wanda ya tanka.

Zuciyata ta ce, in ka buɗe baki ka kuskure, shi ke nan, ka tabbatar musu.

Na ɗaga murya daga wurin takalma, na ba shi ayar. Ya karɓa, ya wuce.

Bayan sallama ya keto sahu ya durƙusa gabana: “Malam, gobe kai za ka ja mu.”

Na ce, “Me ya kai mu gobe? Ai Azahar na tafe.”

Alhamdu lillahi. Hajiya, Allah ya biya ki. Bashir, na yafe, na san tsoro ne.

Ku masu iyaye tsofaffi, ku kai su a auna jini, ku saurari likita har ya dasa aya, kuma kada ku baza sakamakon mutum ba da izininsa ba. Kada ku karɓe wa tsoho aikinsa da sunan tausayi.

Ban ce amiloid ya tafi ba, yana nan. Na gaya wa Hajiya, ranar da ta ga na fara da gaske, ita za ta faɗa mini, ni kuwa da ƙafata zan koma baya.

Amma ba yau ba. Ga ladan can ya kira, ni ake jira.