Yadda Na Ɓatar da Jadawalin Ban Ruwa

Abin da zan ba da labarinsa ya kai shekara biyu, ko ya ɗan haura, kuma ban amince da kaina ba a kan ranaku da yadda abubuwan suka biyo juna. Akwai wuraren da nake ganinsu sarai, akwai kuma waɗanda nake zargin na cike su da abin da mutane suka gaya mini daga baya. Inda na san ina shakka, zan faɗa.

A lokacin ban daɗe da gama hidimar ƙasa ba, na dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure ina jiran aiki. Baffana, ƙanin mahaifina, shi ne shugaban manoman da ke shan ruwa daga ƙaramin kanal ɗinmu, wato magudanar ruwan noman rani, su ashirin da 'yan kai. Da ya ga ina zaune da laftof babu abin yi, sai ya ce in riƙa rubuta musu abin da suka yanke a zamansu. Ba zaɓena aka yi ba. Ya faɗa ne kawai, babu wanda ya musa.

Aikin da ya fi nauyi shi ne jadawalin ban ruwa, wato wa zai buɗe ruwa zuwa gonarsa, wace rana, da safe ko da yamma. Ruwan yakan iso gonakin farko da ƙarfinsa, amma kafin ya kai ƙarshen kanal ya koma kamar ana tsiyayarsa daga buta. A can ƙarshen akwai wani dattijo mai noman albasa, kowa Baba yake ce masa. Ranar Asabar kaɗai yake da ita, kuma a ranin da ya gabata kusan rabin albasarsa ta bushe a tsaye. Shi ya sa ya roƙi a ƙara masa safiyar Talata. Safiyar Talata kuwa ta wani Alhaji ce mai tumatir da yawa a bakin ƙofar ruwa.

Zama uku aka yi a gindin mangwaro kafin Alhaji ya sakar masa ita. Ni ina gefe da fensir da takarda, ina rubutawa ina sokewa. A zama na uku, ranar Litinin idan ban manta ba, na juya komai cikin laftof a gabansu, na karanta musu, suka ce haka ne. Daga nan Baffa ya karɓi takardar fensirin ya yayyaga ta, ya zuba a murhun mai shayi. Haka suke yi tun kafin a haife ni. Takardar da aka yi ta sokewa ba a barinta, don kada wata rana wani ya ga sunansa a inda aka soke ya ce ai da can nan aka sa shi. Aka tsaya a kan in je Kura in bugo jadawalin, ranar Juma'a bayan masallaci kowa ya dangwala yatsa.

Ranar Laraba da hantsi Baffa ya kawo mini ganyen tumatir da tsutsa ta yi wa zane-zane, ya ce in duba masa a intanet ko akwai maganin da ya fi wanda yake fesawa. Na haɗa laftof da datar wayata, na shiga wani shafin harkar noma da na saba karantawa. Ina tsakiyar karatu sai shafin ya dushe, wani allo ya fito a kansa da tambarin burauzar da nake amfani da ita, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Da Turanci aka rubuta cewa burauzata ta tsufa, idan ban sabunta ta ba yanzu ɓarayi za su iya kwashe lambobin sirrina. A ƙasa ga maɓalli babba da za a danna.

Ina so a sani ban yi gaggawa ba. Ni mutum ne da ke karanta takardar cikin kwalin magani har ƙarshe kafin in haɗiyi ƙwaya ɗaya. Na karanta saƙon sau uku. An taɓa gaya mini cewa 'yan damfara ba su iya rubutu ba, sai na bi shi kalma-kalma ina neman kuskure, ban samu ba. Tambarin ma daidai yake, launinsa da komai. Sai na tuna wani malaminmu a jami'a da ya sha nanata mana cewa duk wanda ke jinkirta sabunta manhajojinsa ya bar ƙofar gidansa a buɗe. Ban taɓa jinkirtawa ba tun daga nan. A ganina a lokacin, rashin dannawa shi ne sakaci, ga kuma jadawalin mutane a ciki.

Na danna. Wani fayil ya sauko, na buɗe shi. Laftof ɗin ta tambaye ni ko na yarda wannan abu ya yi canje-canje a cikinta, na ɗauki tambayar kamar gaisuwa ce da ake amsawa ba tunani, na ce na yarda. Wani baƙin akwati ya ƙyafta ya ɓace. Shi ke nan. Na koma kan tsutsar Baffa, har ina jin daɗin na sauke wani nauyi.

Washegari na hau Keke mai ƙafa uku zuwa Kura. Akwai wata mata 'yar Filato da ke da shagon buga takardu da gyaran kwamfuta kusa da injinan shinkafa, Madam muke ce mata, ita kuma tana ce mini Malam. Da na kunna laftof a kan teburinta sai fankar ciki ta kama gurnani. Fayilolina suna nan da sunayensu, amma duk sun koma farare, kowanne da wata jela ta haruffa da ban sa masa ba. Na danna jadawalin bai buɗe ba. Na danna wani, shi ma haka. Madam ta leƙo, ta miƙa hannu ta kashe haɗin intanet tun kafin ta yi magana, sannan ta tambaye ni abin da na saukar a kwanakin nan. Na ce ban saukar da komai ba, sabunta burauza kawai na yi, kamar yadda wani malaminmu ya koya mana.

"A ina ka ga saƙon, Malam?"

"A kan shafin da nake karantawa."

"To ai shi ne. Sabuntawa gaskiya ce, malaminku bai yi ƙarya ba. Amma ba shafi ne zai ce maka ka yi ba."

Ban gane ba, na kuma gaya mata ban gane ba. Ta juyo da tata kwamfutar ta nuna mini. A saman burauza, can kusurwa, akwai ɗige-ɗige. Ta danna, ta gangara inda ake saita abubuwa, ta buɗe wurin da burauzar ke faɗin ko sabuwa ce ko tsohuwa. Ta ce yawanci ita ke sabunta kanta ba tare da an sani ba, iyakar abin da za ta nema shi ne a rufe ta a sake buɗewa. Ba ta aiko mutum ya saukar da fayil daga tsakiyar shafin noma. Duk allon da ya fito a cikin shafi yana tsoratarwa yana cewa yanzu-yanzu, a rufe shafin. In ya ƙi rufuwa a rufe burauzar gaba ɗaya. In har fayil ya riga ya sauko, kada a buɗe shi, a goge.

Na ce amma shafin nan na daɗe ina karanta shi, mutanen kirki ne. Ta ce mai yiwuwa haka ne, mai yiwuwa su kansu ba su san an cusa musu abin a shafinsu ba. Wannan ya ƙara rikita ni fiye da komai. Shafin na gaskiya ne, tambarin na gaskiya ne, shawarar sabuntawa ta gaskiya ce, amma duka a haɗe ƙarya ne. Na tambaye ta ko ba zafi ne ya lalata na'urar ba, ko filashin kwafar fayiloli da na ara makon jiya. Ta buɗe mini wurin da fayilolin da aka saukar suke taruwa, ta ɗora yatsa a kan na ranar Laraba.

"Malam, zafin Kura ba ya saukar da fayil."

Akwai wata 'yar takarda da waɗanda suka kulle mini fayilolin suka bari a kan allon, wai in tuntuɓe su in ina son a buɗe mini kayana. Madam ta ce kada in kula su, ba ta ga dalilin da wanda ya kulle ni zai cika mini alkawari ba. Ta sa na canza lambar sirrin imel ɗina da sauran wurare daga wayata, a nan gabanta. Ta gwada abin da za ta iya har azahar, daga ƙarshe ta ce sai dai a wanke laftof ɗin a zuba mata komai sabo. Takardun neman aikina sun tafi, amma ina da na ainihi a akwati. Jadawalin ne ba shi da na biyu a duniya.

Da na gaya wa Baffa sai ya tambaye ni wa na ba aron na'urar. Na ce babu kowa. Ya ce to wa ya shiga ɗakina. Na ce babu wanda ya shiga, ni da hannuna na buɗe musu. Ya ce su wa. Na ce ban san su ba, ban ma san ƙasar da suke ba. Sai ya ce in zauna in sake rubutawa daga kaina, ai ni na rubuta na farko.

Yawancinsa bai ba ni wuya ba, domin ranakun mutane ba su canza daga na bara ba. Layin Baba ne ya tsaya mini. Na san na sa masa Asabar da safiyar Talata. Amma a jadawalin akwai gida na ƙarshe da nake rubuta ƙarin bayani, kuma na kasa tuna ko na sa wani abu a nasa.

Ranar Juma'a a gindin mangwaro na karanta sabon da na rubuta da biro. Ana isowa kan Talata sai Alhaji ya ɗaga hannu. Ya ce shi ya ba da safiyar ne har dashen albasar Baba ya kama ƙasa, mako uku, daga nan ta dawo masa, kuma ya faɗa a gaban kowa. Baba ya ce shi bai ji haka ba, har cirar albasa aka ce, in mako uku ne da bai ɓata bakinsa ba, domin lokacin da take yin kai ne ta fi son ruwa. Wasu suka ce sun ji maganar dashe. Wasu suka ce a zama na biyu ne aka yi ta, kuma an wuce wurin. Mutum biyu suka ce su sun tafi salla a lokacin. Sai duk aka juyo gare ni.

Na fara da cewa ina jin, a iya tunawata, watakila, ko da yake ba zan rantse ba. Alhaji ya katse ni.

"Mai digiri, mu ruwa muke rabawa. Watakila ɗin nan naka wace rana za a buɗe masa?"

Aka yi dariya, Baba ne kawai bai yi ba. Yana zaune a bakin tabarma ya ɗora hularsa a gwiwa yana kallon bakina. Baffa ya jira aka lafa.

"Ɗana, ba ra'ayinka muke tambaya ba. Me hannunka ya rubuta?"

Abin da nake gani a raina shi ne layin Baba gajere ne, gidan ƙarshe babu komai a ciki. Ina kuma tuna muryar Alhaji yana ambaton dashe, sai dai ban san a wane zama ba. Na ce ban rubuta wani sharaɗi ba. Baffa ya ce tunda an karanta wa kowa ranar Litinin babu wanda ya ɗaga hannu, Talata ta Baba ce har cira. Aka zagaya da tawada. Alhaji ne ya dangwala a ƙarshe, ya goge yatsansa a gefen tabarma, ya ce in tumatirinsa ya yanƙwane ya san gidan da zai kai ƙara. Na buga kwafi huɗu washegari, ɗaya yana wurin limami.

Baba ya sha Talatarsa har ƙarshen rani, ya kuma cire albasarsa, ban ji ya yi kukan bushewa ba. Tumatirin Alhaji ban san yadda ya kaya ba, ban iya tambayarsa ba. Muna gaisawa. Ni kuwa har yau idan laftof ta ce tana son sabuntawa sai in rufe komai, in je kusurwar nan mai ɗige-ɗige in duba da kaina, wani lokaci sau biyu.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne, rashin rubuta sharaɗi ba ya nufin ba a faɗe shi ba. Mai yiwuwa Alhaji ya faɗa ina can ina neman harafi a kan allo. Mai yiwuwa ma na rubuta, na manta. Saboda haka ina roƙon duk wanda ya zauna a zaman Litinin ɗin nan daga farko har ƙarshe, kuma yake tuna abin da aka faɗa a kan safiyar Talata, ya same ni ko ya sami Baffa ya gyara mini. In Alhaji ne ke da gaskiya, ya kamata in je in faɗa masa da bakina kafin a zauna rabon ruwan bana.